Kada a Ƙona Fuskokin Baba Mai Fenti

Jama'ata na shafin nan, ina gaisuwa, na kusa da na nesa. Sati guda ke nan kuna cika min waya: "Aku, wai me kika faɗa a taron nan har zaure ya yi tsit?" Wasu sun ji rabi, wasu sun ji da ƙarin gishiri, wata ma cewa ta yi wai aure na sanar a wurin ta'aziyya. Ina ma auren ne. To ga shi na rubuto muku yadda na faɗa, inda na manta na cike daga wayar wata da ta naɗa. Ku yi haƙuri da rubutuna, kun san a aji uku na sauka daga motar boko. Ku dai kai ƙasa kafin ku zage ni.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Malam liman da ya buɗe mana da addu'a, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban makarantar nan da ya ba mu zaure, da malamansa. Shugaban ƙungiyar masu fenti da rubutun allo, da 'yan ƙungiya da na ga sun cika bencin gaba, wasu har da fenti a farce. Dattawan layinmu da iyayenmu mata. Sai Mama, matar marigayi, wadda duk layi Mama muke ce mata. Yaya Babba, babban ɗansa. Da Auta, ƙanwar Yaya, ƙawata tun muna raba alawa ɗaya gida biyu. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Wanda bai san ni ba, ni ce mai shagon caji da sayar da data da ke kallon shagon Baba Mai Fenti, ƙofa da ƙofa. Aku yake ce min, kun ji dalili da kunnenku. Mama ce ta ce ni zan yi magana a madadin 'yan layi, wai ni na fi kowa zama da shi a shekararsa ta ƙarshe. Mama, da kin san abin da na zo da shi, ban sani ba ko za ki zaɓe ni. Amma bari in fara da shi, tunda shi ya tara mu.

Ya kasance mai rubuta mana suna. Ku fita daga zauren nan ku bi layinmu daga sama har ƙasa, ku ɗaga kai. Allon tela, na mai aski, na kemis, na mai gyaran fanka, duk hannunsa ne. Nawa ma shi ya yi. Na ce ya zana min waya, sai ya zana waya da baki a buɗe, har da harshe. Na ce, "Baba, mene ne haka?" Ya ce, "Ai kamar mai shagon na yi, don kada kwastoma ya ɓata."

Ya kasance malamin da ba a taɓa rubuta sunansa cikin jerin malamai ba. Shekara ashirin da ɗaya, duk ranar Laraba sai ya rufe shago, ya ɗaure buhun tsofaffin jaridu da gwangwanayen fenti a bayan keke, ya zo makarantar nan ya koya wa yaranmu zane da wasan kwaikwayo. Ba wanda ya aike shi. Bangon ɗakin yara na asibitin da ke bayanmu, mai giwaye da kifaye, wanda muke nuna wa yaro kafin a soka masa allura, shi ya yi shi a tsaye kan tsani, yana da shekara sittin, nas suna ta roƙonsa ya sauko.

Ya kasance mai fuskoki. Mutum huɗu sun yi magana kafin ni, Allah ya saka musu, amma na lura ba wanda ya ambaci fuskokin. Kowa ya zo wurin sai ya yi tari ya wuce. To ni zan ambata.

Mu da muka taɓa kwanciya a bencin nan nasa mun san yadda yake yi. Zai shafe maka fuska da basilin, har gira. Ya sa maka ɗan bututun shan lemo biyu a hanci don numfashi. Sai ya yanka bandejin nan mai farin gari, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, ya jiƙa a ruwa, ya riƙa shimfiɗa maka ɗaya bayan ɗaya har ido da baki su rufe. Daga nan kwata ɗin awa ba motsi, ba dariya, ba magana. Abin yana ɗumi idan ya fara bushewa. Ranar da aka yi tawa, leƙawa ya yi waje ya ce wa tela, "Zo ka ga ikon Allah, Aku ta yi shiru!"

Idan ya ɗaga, sai ya gina dabba a bayanta da takarda da sitaci. Kunnuwa, haƙora, dogon baki, ya bi da fenti. Daga waje dabba ce. Ka juya ta, kai ne. Hancinka, kumatunka, tabon da ka ji a goshi kana yaro. Ba ta zama daidai a fuskar kowa sai mai ita, shi ya sa ko suna ba ya rubutawa a ciki.

Kuma ba kai ke zaɓar dabbarka ba, shi ke zaɓa. Telan layinmu, ga shi can zaune, mutumin da ko ƙuda da lallashi yake korarsa, damisa ya yi masa. Tela ya ce, "Haba Baba, ni?" Ya ce, "Kai fa. Na ga kallon da kake yi wa mutum idan ya ce ɗinkinka ya karkace." Ni na nace sai barewa. Ya ce, "Barewa ba ta kai rahoto." Aku na samu, ja da toka.

Sannan sai ya ɗauki katako ya zana mu sanye da su, kowa a bakin aikinsa. Damisa a kan keken ɗinki da tef a wuya. Kura cikin farar rigar nas, ta rungume jariri kamar ƙwai. Wata rana na ce, "Baba, me ya hana ka zana mutane da fuskarsu kamar kowa?" Ya ce, "Wadda kike gani a hanya ai ita ce ta aro, Aku. Ita ake sakawa a je gaida surukai. Ni ta ƙarƙashi nake nema." Na ce to ashe duk mu mugaye ne. Ya ce, "Wa ya ce mugunta? Akwai wanda zaki ne kwance a cikinsa, amma ya shekara arba'in yana cewa a yi haƙuri. Ba laifi ya ga kansa sau ɗaya kafin ya mutu."

Malamar aji biyu da ke zaune a gefen taga ta ba ni izini in faɗi nata. Tana yarinya in'ina gare ta, har ta kai aji huɗu ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Baba ya yi mata zaki. Ranar wasa, a kan dandamalin nan da nake tsaye, ta yi ruri, ta karanto maganarta tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya. Mahaifinta yana cikin 'yan kallo, ya taɓo na kusa da shi ya ce, "Kai, 'yar waye wannan?" Yau ita ke koya wa yaranmu karatu.

To yanzu na zo wurin da ya fi min wuya.

Yaya, ka faɗa a gida, kuma magana ta fito, cewa ranar Asabar za ka kwashe fuskokin nan da zanen duka ka tara a bayan gida ka cinna musu wuta. Wallahi ban ga laifinka ba. Na san a wurin aikinka an kira ka ɗan boka. Na san akwai wanda ya janye kujerarsa daga kusa da taka. Duk saboda bidiyo ɗaya mai daƙiƙa arba'in. Kada wani ya sunkuyar da kai, mu duka a nan mun gan shi, da yawanmu mun tura wa wasu.

Ni na ɗauke shi.

Ku bari in gama, don Allah. Idan na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Ranar Talata ce da hantsi. Ya leƙo ya ce, "Aku, zo ki kama min aiki." Shekara talatin yana ɗaukar fuskokin mutane bai taɓa ɗaukar tasa ba, don mutum ba ya iya yi wa kansa. Ya kwanta a benci, ni na shafa masa basilin, ni na sa masa bututun, ni na shimfiɗa bandejin da hannun nan nawa. Kafin in rufe bakin ya ce, "Kada fa ki tafi ki bar ni. Idan ya yi zafi zan ɗaga hannu." Na ce, "Ina nan, Baba."

Na koma bakin ƙofa na tsaya. Daga nan sai abin ya ba ni dariya. Tsoho kwance, fuska fara fat ba ido ba baki, ga kuraye da damisa sun zagaye shi a bango. Na zaro waya. Ina cikin ɗauka bandejin ya yi zafi, ya fara ɗaga hannu yana laluben iska, yana wannan gurnanin da kuka ji. Jama'a, gurnanin da aka ce aljani ne ke magana ta bakinsa, ni yake kira. Aku yake son cewa. Na bar shi yana kira daƙiƙa arba'in don bidiyon ya yi kyau. Da na cire masa ya ce ina na shiga, na ce kwastoma na je sallama.

Ina da wani shafi ban da wanda kuka sani. Ba sunana a kai, hoton mage ne mai tabarau. A can nake faɗin abin da ba zan iya faɗa da fuskata ba, in tsokani wannan, in yi wa wancan ba'a, ba wanda ya san ni ce. A can na saka shi. Na ɗora masa sauti mai ban tsoro, na rubuta, "Ku ga abin da ake yi a wani shago da rana tsaka, iyaye ku kula da yaranku." A raina wasa ne. Abin da nake sakawa da kyar mutum hamsin ke kallo. Wannan kafin gobe ya wuce dubu ɗari biyu, ga allon shagonsa ya fito ɓaro-ɓaro a gefe.

Tunda na fara gaskiya bari in ƙarasa ta. Na ji daɗi. Kwana uku ina duba waya ina murmushi, ina ganin mabiya suna ƙaruwa, alhali a tsallaken titi mutane sun fara tsayawa suna nuna ƙofarsa da baki. Ina gani. Ba wanda ya ba ni labari.

Shugaban makaranta, ban zo in ɗora maka ba. Iyaye talatin a ofishinka suna ihu, me za ka yi? Ka ce ya ɗan huta zuwa wani lokaci. Amma ni na ga Larabar nan. Ya riga ya ɗaure buhunsa ya tafi, ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga shi yana turo keken da hannu, buhun yana nan yadda ya ɗaure shi. Daga nan masu neman allo suka koma wurin masu bugawa da kwamfuta. Mata suka riƙa jan hannun yaransu su tsallaka titi idan sun zo saitinsa. Mu 'yan layi da muka san gaskiya, mu da fuskokinmu ke rataye a bangon, muka yi shiru, kowa yana tsoron kada a haɗa da shi.

Yaya, ka tuna ranar da ka tsare ni ka ce, "Ke ina kike har aka shigo aka ɗauka?" Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Kwastoma ta je sallama, ka ƙyale min yarinya." Da ƙaryata ya kare ni.

Bayan sati biyu ya shigo shagona da 'yar wayarsa mai madannai. Ya ce, "Aku, ke kika san kan abin nan. Nemo min mai magen nan." Na ce, "Baba, me za ka yi masa?" Ya ce, "Ba faɗa zan yi ba. Ya zo ya kwanta in ɗauki tasa, ya ji yadda abin yake, sai ya koma ya faɗa wa mutanensa." Na ce, "To Baba, ina nema." Duk sati sai ya tambaya. In ce har yanzu. In ce sabis ne. In ce irin waɗannan wuyar kamawa gare su. Yana tsaye a gabana, mai magen tana cikin aljihun rigata.

Na goge bidiyon, amma ina, an riga an kwafa ta ko'ina. Muka yi wani na bayani ni da shi, na saka a shafina na gaskiya. Mutum tamanin suka kalla, aka rubuta min, "Ai dole ki kare shi, maƙwabcinki ne." Abu ɗaya ne kawai zai yi aiki, mai mage ta fito ta ce ƙarya na yi. Na sani sarai. Na rubuta na goge ya fi sau ashirin. Tsoron idon Mama nake ji, da na Auta, da bakin mutanen waya, don na san yadda suke, ai ni ma cikinsu nake.

Sai na koma hidima. In kai masa shayi, in share masa shago, in raka shi asibiti, in karɓo magani. Kuka riƙa cewa yarinyar kirki. Mama, kin sha sa min albarka a bakin ƙofarki, duk wadda kika sa min sai in ji kamar bulo aka ɗora min a ƙirji.

Fuskarsa da na ɗauka ranar, bai ƙara taɓa ta ba, tana nan fara. Na taɓa tambayarsa, "Baba, wace dabba za ka yi wa kanka?" Ya ce, "Ai mutanen waya sun riga sun zaɓa min." Ya yi dariya. Ni ma na taya shi, Allah ya yafe min.

Ban ce bidiyona ya kashe shi ba. Ajali na Allah ne, likita ya ce zuciya ce. Amma mutumin da yara ke bi a guje suna "Baba, ni ma, ni ma," ya yi watanni goma sha huɗu na ƙarshe zaune a ƙofar shago yana wanke buroshin da bai yi aiki da shi ba. Wannan ni na jawo masa.

Mama, mijinki bai taɓa yin tsafi ba. Kin sani, amma ina so ki ji an faɗa da ƙarfi a gaban mutane, daga bakin wadda ta ƙulla ƙaryar. Ban ce ki yafe min yau ba. Ko ba ki yafe ba har abada, ba ki zalunce ni ba.

Auta, kin yi kuka a kafaɗata a kan abin nan, ina shafa miki baya ina tsine wa wanda ya yi.

Yaya, kai nake roƙo. Idan akwai abin ƙonawa to wayata ce, ga ta. Kafin in hau nan na saka bidiyo a shafin magen, da fuskata, na faɗi duk abin da na faɗa yanzu, ka nuna wa mutanen wurin aikinka. Amma fuskokin nan ba su yi maka komai ba. Kafin ka ƙyasta ashana ka juya ɗaya ka duba cikinta. Tela ne. Malama ce tana 'yar shekara tara. Akwai waɗanda suka rasu, 'ya'yansu ba su da inda za su ƙara taɓa kumatun uwarsu sai a nan. Akwai wata 'yar ƙarama a saman kanta, bushiya ce. Baba ya ce min taka ce kana shekara shida, wai ba a taɓa ka ba ka tashi da ƙaya ba. Duk safiya sai ya goge mata ƙura kafin sauran.

Na gode wa shugaban makaranta da ƙungiya da suka haɗa taron nan, na gode wa malam liman, na gode muku da kuka bar ni na kai ƙarshe ba a ƙwace abin maganar ba. Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, wanda bai rama ba kuma bai zagi kowa ba. Ka jiƙansa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka fuskarsa ranar da za a tashe mu kowa da tasa. Ka sanyaya zuciyar Mama da 'ya'yanta. Mu da muka cuce shi da hannu, da waɗanda suka tura, da waɗanda suka yi shiru, ka ba mu ikon gyarawa tun muna numfashi. Amin.

Nan na tsaya a zaure. Ga abin da ya biyo baya, tunda na san shi kuke jira.

Mama ta fita ta ƙofar gefe kafin a shafa addu'a. Kullum da safe ina zuwa in gaishe ta daga bakin ƙofa, ba ta amsa ba tukuna, in juyo. Auta ta yi bulokin ɗina ko'ina. A shafin mage kuwa an zage ni har kakata, kuma ban goge ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a da safe Yaya ya shigo shagona. Bai yi sallama ba, bai zauna ba. Ya ajiye mukulli a kan tebur cikin wayoyin mutane. Ya ce, "Kada ki ɗauka yafiya ce ta kawo ni. Mai ginin yana son shagonsa ƙarshen wata. Kowa ya zo ya ɗauki tasa. Wadda ta rage ranar talatin, na san abin da zan yi da ita." Na ce, "Yaya, ai ba suna a ciki." Ya ce, "Ke kika iya tara mutane. Tara su."

Na buɗe na ƙirga, sittin da uku ne, ban da zanen katako. Zuwa yau mutum goma sha ɗaya suka zo. Tela ya ɗauki damisarsa, ya tsaya ya saka ta a bakin titi kowa na kallo.

To jama'a, duk wanda ya taɓa kwanciya a bencin nan, ko ya yi wasa a makarantar, ko uwarsa ko ubansa sun yi, ya rubuta min a ƙasa: wace dabba Baba ya ba ka, me ya ce maka ranar? Wanda ya manta tasa ya zo ya gwada, ita za ta gane shi. Ku kuma da kuka tura wancan bidiyon, ku tura wannan guruf ɗin da kuka tura shi, ba sai kun ce komai ba. Shagon yana buɗe daga ƙarfe tara na safe, ina bakin ƙofa.

Saura hamsin da biyu, kwana goma sha biyu. Don Allah ku zo.